Haƙoran Jinjiri a Bakin Siket ɗin Yaya

Alhamis, 23 ga Maris

Yaya Ok-bun ta zo da hantsi, ko waya ba ta yi ba. Ta hau bene hawa uku tana haki, ta zube a ƙasa kusa da keken ɗinkina, ta kwance ƙunshi. Siliki ne ruwan madara, mai kyau na gaske. Siket ɗin ciki na hanbok, kayanmu na gargajiya, ta riga ta yanka ta haɗa da hannu, bakin ƙasa kawai ya rage.

"Auta, ki yi min haƙoran nan naki."

Na ɗauka kunnena ne. Haƙoran jinjiri, haka matan unguwa suka sa wa kalmasar da nake yi, don bakin yadin yakan fito ƙanana a jere, kowanne da ɗan tudunsa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɓata ƙyalle kafin keken nan ya yarda ya ba ni ita. Duk garin nan na Daegu ban ga mai yin irinta ba, kuma na duba. Yaya kuwa tun ranar da ta fara gani ta ce iyayi ne, wai bakin siket ƙasa yake sha, wa zai durƙusa ya kalla. Shekara ashirin tana faɗar haka. Yau ga ta da siliki.

Na ce bikin wa? Ta ce zan ji. Wai babban siket ma yana tafe, kuma duka tana son su kafin sha tara ga Afrilu. Na ce ashirin fa? Ta ce sha tara.

Ta ƙi cire hula a cikin ɗaki, sabon salo. Na zuba mata miyar tsiron wake da shinkafa, ta yi cokali uku ta ture, wai na cika gishiri.

Da wata a ƙasa. Yaya ba ta roƙon abu haka kawai.

Juma'a, 24 ga Maris

Na fara. Silikin yana zamewa a hannu kamar kifi. Ɗinkin da Yaya ta yi da hannu ya yi faɗi-faɗi, ita da ta yi shekara talatin a masaƙa. Ido ya tafi, ba za ta yarda ba.

Litinin, 27 ga Maris

Sun zo karɓa, ita da Hye-ran, matar ɗanta. Nan na fara ganin inda aka dosa.

Hye-ran tana sayar da kayan jarirai ta waya, 'yan riguna da mayafai. Tana shigowa ta ɗauki siket ɗin, ta juya shi ciki, ta kai shi bakin taga tana dubawa. "Kai, Inna, wannan hannu ne ko keke?" Na ce keke ne, amma ba kowane keke ba. Ta yi dariya. Idonta ya je kan lambar da nake murɗa ƙarfin zare, na gani sarai. Sai na ɗora mayafi a kan keken, na ce ƙura.

Yaya ba ta ko kalli haƙoran ba. Ƙarshen ɗinkin ta nema, can inda na tsaya, ta murza shi da yatsa. Na ce kada ta damu, na koma baya sau uku, na kuma ƙulla da hannu. Ɗinkina ba ya warwarewa, kowa ya sani, siket yakan mutu ya bar kalmasata a raye.

Ta ce, "Na sani."

Ko sannu babu.

Laraba, 29 ga Maris

Na gaya wa maigidana, Baban Do-yun, abin da nake zargi, cewa kalmasata suke son sacewa. Yana cin gasasshen dankali, ya ce, "Maman Do-yun, ke kam ko kyanwa ce ta kalli kekenki sai ki ce turo ta aka yi." Na ce ya ci dankalinsa. Mutumin da aka taɓa sayar wa agogon da ba ya tafiya, shi ne zai koya min sanin mutane.

Asabar, 1 ga Afrilu

Na kama ta.

Na kai wa Yaya kimchi, ganyen albasa da na jiƙa da yaji ya yi tsami, ƙofa a buɗe, na shiga ban yi motsi ba. Tana zaune a ƙasa, tabarau a kan hanci, siket ɗin a cinya, ƙaramin almakashi a hannu. Tana ganina ta cusa shi ƙarƙashin matashi kamar yarinyar da aka kama da alewa. Amma na riga na gani. Ta yanke ƙullina, ta zare ɗinkin da na koma baya, gefe biyu duka, zare yana reto.

Na ce, "Yaya, me ya yi?"

Ta ce yana sukar ta a ƙafa.

Ƙulli ƙarami kamar ƙwayar riɗi, a siket ɗin da ba ta ko sa ba, shi ke sukar ta. Ni ma ɗinki nake yi. Mai son ya gane yadda aka yi kalmasa, daga ƙarshe yake fara warwarewa, ya ƙirga taku, ya ga yadda zaren sama ya kama na ƙasa. Haka na koyi rabin abin da na iya.

Na ajiye kimchin na fito.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Na wuni ina juya abin.

Ba yau ta fara ba. Abina a wurin Yaya ba nawa ba ne, na gida ne, ta ga dama ta kyautar. Yadda nake haɗa yajin kimchi ta kwashe ta ba uwar mijinta, har yau a gidan sunansa yajin Kaka. Rigar sanyina ta farko ta ba 'yar maƙwabta ina makaranta. In na buɗe baki sai ta ce wa ya bar aji shida ya shiga masaƙa don wata ta yi karatu. Gaskiya ne, ita ce. Ban taɓa musu ba. Amma sai yaushe zan gama zama abin da ta saya da ƙuruciyarta?

Kalmasar nan kaɗai ce ba wanda ya ba ni. Ba Iya ba, ba Yaya ba, ba makaranta ba. In na wayi gari na gan ta a waya, a bakin mayafin jarirai, da sunan Hye-ran a ƙasa, ban san abin da zan yi ba. Abin yana min ciwo, har kunya nake ji yadda yake min ciwo, mace mai shekara sittin da huɗu.

Sha tara ga wata. Na tabbata akwai wani baje koli.

Talata, 4 ga Afrilu

Babban siket ya iso. Hye-ran ce ta sauke Yaya da yamma, ta tsaya a mota ba ta hau ba. Ta san abin da ta yi.

Siket ne mai faɗi, bakinsa ya fi kamu shida, ruwan hoda mai haske irin na amare. Na ce Yaya a shekarunki? Ta ce shekarun nata ne ko nawa.

Sai ga tambayoyi. Wai keken yana iya tsayawa ba tare da ya koma baya ba? Wai zaren da ke cikin kwarkwaro zai kai bakin siket duka, ko sai an ƙara wani a tsakiya? Yaya da ba ta taɓa tambayar ko keken da lantarki yake aiki ba. An rubuta mata tambayoyin ne, ta haddace.

"In kin kai ƙarshe ki bar min zaren da tsawo, ni zan ƙarasa."

Na ce to.

Za ta ga ƙarasawa.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Na gama shi, ya yi kyau har na tsaya ina kallo. A kowane ƙarshe na koma baya sau bakwai, na yi ƙulli uku a kan juna, sannan na ɗiga masa gam ɗin nan da ke hana yadi zarewa. Ya bushe ya yi tauri kamar tsakuwa. A tsakiya ma da zare ya ƙare na ƙulla sabo na ɗiga. Mai son karatu ya zo ya karanta.

Baban Do-yun ya ce kamar ina rufe asusun banki. Na ba shi ya kai mata, ba na son ganin fuskarta.

Asabar, 8 ga Afrilu

Na sa Baban Do-yun ya buɗe min shafin Hye-ran a wayarsa, don kada ta ga sunana. Babu komai, mayafai ne da bakinsu a miƙe kamar na asibiti. Tana jira ne.

Wani abu kuma. Duk Talata da Juma'a in na kira gidan Yaya da safe ba a ɗauka. Na tambaya, wai kasuwa suke zuwa. Sau biyu a mako, mace da surukarta, kasuwa. Wurin wani tela suke kai siket ɗin, ko sunana ba Mal-sun ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Hye-ran ta zo ita kaɗai, da siket ɗin a jaka. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta cire takalmi ba.

Ta ce Yaya ta yi ta fama da ƙullin da almakashi, hannu ya zame, ta tsaga silikin kusan tsawon yatsa, ta kuma yanki kanta. Ga ɗigon jini biyu a kan ruwan hodar. Wai ta zauna tana kuka. Yaya. Ranar da aka binne mijinta ban ga hawayenta ba.

Na ce, "Hye-ran, zauna mu yi ta a fili. In kalmasar kike so ki buɗe baki ki roƙa, ki daina turo tsohuwa da almakashi."

Ta kalle ni kamar na yi wani yare. "Inna, ni? Ni da ko maɓalli sai na kai wa Mama ta ɗinka min? Kayan da nake sayarwa a kwali suke zuwa."

Na ce to me ake warware min ɗinki?

Ta ce Mama ta sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Ta ajiye jakar, ta ce, "Inna, don girmanki ki duba shi da kyau," ta sauka da gudu, ina jin ta tana jan hanci a bene.

Wasan kwaikwayo ne, na ce wa kaina. Amma yarinyar ba ta iya ƙarya ba, tun ranar aurenta na san haka.

Laraba, 12 ga Afrilu

Na shimfiɗa shi a ƙasa da safe don in ga yadda zan ɓoye tsagar. Na juya cikinsa. Gaskiya laifi nake nema a ɗinkin Yaya, in samu abin faɗa.

Na bi layin farko daga sama har ƙasa. Babu ƙulli a farkonsa. Babu a ƙarshensa. Zaren ya shiga, ya tafi, ya fita, an bar shi haka. Na bi na biyu, na uku, duka. Ko sau ɗaya allura ba ta koma baya ba, kuma ba inda aka ƙara zare, kowane layi da zarensa guda tun daga kai. Takun da na ce ido ne ya tafi, daidai suke kamar an auna.

Na ɗaga kai na kalli kalandar da mai kantin magani ya ba mu, mai ƙananan lambobin watan gargajiya a ƙasa. Bana akwai watan ƙari, wata na goma sha uku da kan faɗo bayan shekara biyu ko uku. Na sani mana, duk kasuwa an liƙa tallar kayan da ake binne mamaci da su, tunda a watan ne ake ɗinka su. Yana ƙarewa sha tara ga Afrilu.

Shekara ashirin da shida ke nan da muka ɗinka na Iya, ni da Yaya, a tsakar ɗakinta. Na kai ƙarshen layi na naɗe zare a yatsa zan ƙulla, Yaya ta make min hannu har allura ta faɗi. "Mai tafiya kike ɗaure wa ƙafa?" Ba a ƙulli a kayan mamaci, ba a komawa baya, ba a ƙara zare. Abin da aka ƙulla a nan, can ba mai kwance masa, haka zai tafi da shi a zuciya. Yarinya ƙarama ta san wannan. Da ta kawo farin yadin nan mai kaushi irin na Iya, da tun a bakin ƙofa na gane. Siliki ta kawo, ruwan hoda.

Ni kuwa na yi mata uku a kan juna, na ɗiga gam.

Mutane da yawa suna ɗinkawa a watan ƙari suna lafiya lau, har cewa ake yana ƙara tsawon rai. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau goma. To amma 'ya'ya ne ke yi wa iyaye, a kira dangi, a dafa abinci. Ba wadda ke zama ita kaɗai ta ɗinka nata a ɓoye.

Hular. Cokali uku. Talata da Juma'a.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Yau ko keken ban taɓa ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Ƙarfe goma na kira wayar Hye-ran. Ta ɗauka tana magana ƙasa-ƙasa, a bayanta ina jin na'ura tana kiran lamba, wata murya tana cewa a shiga ɗaki na huɗu. Asibiti ne.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce tun Nuwamba.

Na ce likita me ya ce? Ta ce, "Inna, Mama tana kallona." Na kashe.

Wata biyar. Mun yi kimchin hunturu tare a Nuwamba, tana zagina wai ban iya yanka kabeji ba. Kowa ya sani, ɗanta, surukarta, ƙila har mai gadin gidansu. Ni ce Auta, ni ake ɓoye wa kamar 'yar shekara bakwai. Haushinta nake ji, haushi sosai, kuma ba ni da inda zan kai shi.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Na yanke tsohuwar kalmasar gaba ɗaya, da tsagar da jinin da gam ɗin. Siket ya ragu da faɗin yatsa biyu. Yaya ma ta ragu, zai yi mata.

Matsalar zare ce. Haƙoran suna cin zare, kwarkwaro ɗaya bai taɓa kai ni kamu shida ba. Na nemo mafi sirantar silikin da nake da shi, na cika kwarkwaron har ya kusa ƙin shiga, na ɗan buɗe takun. Na gwada a tsohon labule sau biyu ina aunawa. Ya kai, da ragowar da ba ta fi taƙi ɗaya ba.

Sai hannuna. Na gwada a ƙyalle, ina kaiwa ƙarshe babban yatsana ya danna ƙarfen komawa baya, ban ma san ya yi ba. Na sake, ya sake. Shekara talatin yana yi, ba ya jin magana.

Na kira Baban Do-yun. Na ce ya jawo kujera ya rufe ƙarfen nan da tafin hannunsa, ko na roƙe shi kada ya ɗaga. Bai yi tsokana ba, ya zauna. Ashe ya sani shi ma, tun ranar da ya kai mata siket ɗin ya ganta ba hula, gashi duk ya zube. Wannan maganar za mu yi ta wata rana.

Na ɗinka a hankali, kamu shida ba tsayawa. Ana kusa da ƙarshe yatsana ya tafi, ya bugi bayan hannunsa. Na ɗaga ƙafa daga keke. Na ja zaren na yanke shi da tsawo, na bar shi.

Ban taɓa sakin aiki haka ba. Ji na yi kamar na fita na bar ƙofar gida a buɗe.

Talata, 18 ga Afrilu

Na kai da kaina, da yamma bayan sun dawo. Tana kwance a ƙasa mai ɗumi, Hye-ran ta dama mata kunun shinkafa ba ta sha ba. Ta tashi zaune, ta gyara hula.

Ta buɗe ƙunshin. Ƙarshen ta fara nema. Ta kama zaren biyu da ke reto, ta bi bakin siket ɗin da yatsa tun daga wannan gefe har wancan tana neman inda aka ƙara. Ba ta samu ba. Ta daɗe kanta a sunkuye.

"Auta, aikinki ya lalace. Wannan ai zai warware."

Na ce ya warware.

Ta ce tsufa ya kama ni. Na ce ya kama wasu dai.

Ba ta faɗi sunan abin ba, ni ma ban faɗa ba. Na ce kawai, ke da kika ce iyayi ne. Ta ce, "Iyayi ne mana. Shekara ashirin ina ganinsa a siket ɗin matan da ba su kai ni ba, ina haɗiyar yawu. In na sa a nan ki samu bakin magana? Can kuwa ba ki nan."

Hye-ran ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo.

Yaya ta ce in riƙe mata madubi. Ta miƙe da ƙyar, ta kara siket ɗin a ƙirji, ta ɗan juya hagu da dama don haƙoran su motsa. Ta ce, "Iya da ta ga wannan da ta ce na lalace." Ta yi dariya har tari ya kama ta. Na riƙe madubin daidai fuskata, ban sauke ba sai da ta zauna.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Na bi su asibiti. Ba wani abu ba ne, ban yarda su biyun za su gaya min gaskiyar abin da likita ke cewa ba, gara in ji da kunnena. Kuma Hye-ran ba ta iya tuƙi ba, duk ramin da ke hanya sai ta faɗa.

Yaya ta ce wa ya gayyace ni. Na ce ba wanda ya gayyace ni, ta matsa.

A hanyar dawowa barci ya ɗauke Yaya, kanta ya faɗo a kafaɗata. Ba nauyi ko kaɗan. Hannuna ya mutu tun kafin mu haye gada, ban motsa ba. Hye-ran ta kalle ni ta madubi, na ce ta kalli hanya.

Talata ƙarfe takwas za su biyo ta nan.